Kagarar Dover: mallakar gwamnati ce, to me ya sa sai an biya kafin a shiga?

A farkon shekarar 2025 ƙungiyar English Heritage, wadda ke kula da wuraren tarihi sama da 400 a Ingila, ta sanar da shirin rage ma'aikata kusan 200 da rufe wasu ƙananan wurare 21 duk lokacin hunturu, saboda kuɗin da ke shigo mata ba sa isarta. Labarin ya ɗaure wa mutane da dama kai, musamman baƙi da ɗalibai mazauna Birtaniya. Mutum zai shiga babban gidan tarihin ƙasar da ke Landan ya wuni bai biya ko sisi ba, amma in ya hau jirgin ƙasa ya je garin Dover, a gaɓar kudu maso gabashin Ingila, don ganin tsohuwar kagarar da ke bisa tudun bakin teku, sai a ce ya ajiye sama da fam 20 a ƙofa. Duka biyun kuwa na al'umma ne. To ina kuɗin suke tafiya, kuma yaya mai karɓar irin wannan kuɗi zai ce yana cikin matsi?

Amsar ba ta fitowa sai an bi tarihin ginin kansa. Dover ta haura shekara 800 a tsaye ne domin kowane zamani ya samar mata aikin yi, ya kuma biya kuɗin gyaranta daidai da wannan aikin. Sarakuna sun biya, rundunar soja ta biya, baitulmali ya biya. Yau mai ziyara ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin, kuma hakan ya shafi har abin da ake nuna masa in ya shiga.

## Wane irin gini ake nufi?

Kagara a nan ita ce gida mai katanga da hasumiyoyi da gwalalo, wanda sarki ko wani babban hakimi ya gina don ya zauna ciki, ya yi shari'a, ya tara haraji, ya kuma kare kansa in yaƙi ya taso. Ta sha bamban da badalar birni irin ta Kano ko Zariya. Badala gari take kewayewa, da mutanensa da kasuwarsa har da gonaki. Kagarar Turai kuwa mutum ɗaya take karewa da iyalinsa da dakarunsa, sau da yawa ma daga mutanen garin da take hange daga sama.

Ingila ba ta san irin wannan gini sosai ba sai bayan 1066, lokacin da William, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa, ya ci nasara a yaƙin Hastings ya hau gadon sarauta. Mutanensa 'yan tsiraru ne a tsakiyar jama'ar da ba ta son su, don haka suka cika ƙasar da kagarai. Da fari tudun ƙasa ake tarawa a kafa hasumiyar katako a kai, a kewaye da shingen itace. Daga baya masu hali suka koma ginin dutse. In ana maganar zamanin tsakiya a tarihin Ingila, galibi daga wannan shekara ta 1066 ake ƙirgawa zuwa 1485, lokacin da gidan sarautar Tudor ya karɓi mulki.

Abin da ya ba Dover daraja shi ne wurin da take. Nan ne teku ya fi tsukewa tsakanin Ingila da Faransa, kimanin kilomita 34, har in gari ya yi garau ana hango gaɓar Faransa da ido. Rumawa sun gane haka tun da daɗewa: kusan shekara 1,900 da suka wuce suka gina hasumiya mai kusurwa takwas a kan tudun, ana hura wuta a samanta don jiragen ruwa su gane tashar. Tana nan har yau. A gefenta akwai coci da aka gina wajen shekara ta 1000, wanda daga baya aka mayar da hasumiyar Rumawan wurin rataye ƙararrawarsa. William da kansa ya biyo ta Dover bayan Hastings, ya yi kwana takwas yana ƙarfafa tudun da ƙasa da katako kafin ya nufi Landan.

## Henry na Biyu da kisan da ya jawo gini

Ginin dutsen da ake gani yau aikin Sarki Henry na Biyu ne, wanda ya yi mulki daga 1154 zuwa 1189, kuma ƙasarsa ta miƙe daga iyakar Scotland har zuwa kudancin Faransa. Littattafan baitulmalinsa, waɗanda har yanzu suna nan a ajiye, sun nuna ya kashe sama da fam 6,000 a Dover cikin kimanin shekara goma daga 1179, a lokacin da ake ƙiyasta abin da ke shigo wa sarki a shekara da wajen fam 10,000. Babu wata kagara a Ingila da ya zuba wa dukiya haka. Wani magini mai suna Maurice ne ya jagoranci aikin.

Babbar hasumiyar da ke tsakiya tsayinta ya kai mita 25, kowane gefe kusan mita 30, kaurin bangonta a wasu wurare ya haura mita 6. A cikin wannan kauri aka sassaƙa ƙananan ɗakuna da makewayi. Ba a shiga ta ƙasa kai tsaye. Baƙo zai bi wata doguwar matattakala da aka rufe da gini, ya wuce ƙaramin ɗakin ibada a hanya, ya ci gaba da hawa har bene na biyu, inda zauren sarki yake. Bakin rijiya ma a can sama aka buɗe shi, ramin ya ratsa cikin bango ya nutse cikin dutsen alli, sannan aka ja bututun darma yana kai ruwa wasu ɗakunan. A ƙarni na 12 wannan ba ƙaramin abin alfahari ba ne. A kewayen hasumiyar aka yi katanga mai hasumiyoyi, aka kuma fara wata a bayanta, ta yadda wanda ya fasa ta waje zai tarar da ta ciki tana jiran sa. Dover na cikin wuraren farko a yammacin Turai da aka yi wannan tsari na katanga cikin katanga.

Me ya sa Henry ya yi wannan ɓarin kuɗi? Masana tarihi sun rabu biyu. Tsohuwar fahimta ita ce tsaro. A 1173 da 1174 'ya'yansa sun yi masa tawaye da goyon bayan sarkin Faransa da mai mulkin Flanders, ƙasar da ke tsallaken teku a yankin Beljiyam ta yau, kuma gaɓar Kent, lardin da Dover take, ita ce ƙofar da mahara daga can za su fi saurin biyowa. Mai wannan ra'ayi zai nuna maka kaurin bango da katanga biyu ya ce ba a yin wannan don ado.

Ɗaya fahimtar ta danganta ginin da wani kisa. Ranar 29 ga Disamba 1170 wasu barade huɗu na sarki suka kashe Thomas Becket, babban limamin cocin Canterbury, a cikin cocinsa, bayan doguwar rigima tsakaninsa da Henry kan ikon coci da na sarauta. Turai ta girgiza. A 1173 Paparoma ya ayyana Becket waliyyi, a 1174 Henry ya je kabarinsa ba takalmi ya yarda aka yi masa bulala don neman gafara. Canterbury ta zama wurin ziyarar ibada, kuma manyan baƙi daga ƙetare ta Dover suke sauka. A watan Agustan 1179 Sarki Louis na Bakwai na Faransa da kansa ya zo yi wa ɗansa marar lafiya addu'a a kabarin, Henry ya yi gaggawar zuwa tarbarsa, ba tare da yana da masaukin da ya dace da irin wannan baƙo a garin ba. Ba a daɗe ba aikin ya kankama. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da matattakalar nan da aka tsara don jerin gwanon baƙi, da kuma ɗakin ibada na sama, mai sassaƙa irin ta cocin Canterbury, wanda aka keɓe da sunan Becket ɗin.

Hujjojin biyu ba sa kore juna. Amma wanda aka fifita a cikinsu shi ke yanke yadda za a shirya hasumiyar ga masu ziyara, ko barikin dakaru ko masaukin sarakuna, kuma za a ga inda English Heritage ta karkata.

## Ƙawanyar 1216

An gwada ƙarfin ginin tun ba a yi shekara 30 da rasuwar Henry ba. Ɗansa Sarki John ya rasa Normandi a 1204, abin da ya mayar da tekun Dover iyaka ta gaske da abokin gaba. Hakimansa suka tilasta masa amincewa da yarjejeniyar Magna Carta mai rage ikon sarki a 1215, ya warware, yaƙin basasa ya ɓarke, 'yan tawaye suka gayyato Yarima Louis, magajin sarautar Faransa, ya zo ya karɓi gadon Ingila. Ya sauka a watan Mayun 1216, Landan ta buɗe masa ƙofa, mafi yawan kudu maso gabas ya bi shi. Dover ta ƙi.

Hubert de Burgh ne ke riƙe da ita, da barade kimanin 140 da sauran dakaru. Louis ya yi mata ƙawanya daga watan Yuli, ya kafa sansani a tudun da ke arewa, inda ƙasa ta fi tsayi kuma kagarar ta fi rauni. Faransawa suka ƙwace shingen da ke gaban ƙofar arewa, sannan suka saka mahaƙa. Dabarar zamanin ita ce a haƙa rami ƙarƙashin hasumiya, a tokare rufinsa da katako, a cinna wuta, in katakon ya ƙone ƙasa ta rufta da abin da ke kanta. Alli ba ya wahalar haƙa. Ɗaya daga hasumiyoyin ƙofar ta zube, maharan suka kutsa ta giɓin, aka yi gaba da gaba, mutanen Hubert suka kora su baya suka toshe wurin da manyan gungumen katako. A watan Oktoba aka tsagaita wuta, kwanaki kaɗan bayan haka John ya mutu, ya bar ɗa mai shekara 9, Henry na Uku.

Louis ya dawo a Mayun 1217 da majaujawa mai jifa da manyan duwatsu, amma a wannan watan aka murƙushe rundunarsa a Lincoln, a Agusta kuma Hubert ya tarwatsa jiragen da ke kawo masa agaji a tekun Sandwich. A Satumba ya haƙura ya koma gida. Wani malamin coci mai rubuta tarihi a wannan ƙarni, Matthew Paris, shi ya kira Dover mabuɗin Ingila, sunan da har yau ake tallata ta da shi.

Darasin ƙawanyar ya sauya fasalin ginin. Aka toshe ƙofar arewa gaba ɗaya, aka buɗe sabuwar babbar ƙofa a yamma inda gangaren ya fi tsanani, aka gina wani shinge a waje ta arewa, aka haɗa shi da cikin kagarar ta hanyar ƙarƙashin ƙasa domin dakaru su riƙa fita ba a gan su ba. Waɗannan ramuka na ƙarni na 13 suna nan, ana shigarsu.

## Yadda ta tsira daga zama kango

Zuwan igwa da albarushi ya kashe amfanin dogayen katangu, kuma kagarai da yawa a Ingila daga nan suka fara lalacewa. Yaƙin basasa na shekarun 1640 tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisar dokoki ya ƙarasa wasu: majalisa ta sa aka farfasa waɗanda suka yi mata turjiya don kada a sake fakewa a cikinsu. Haka aka yi wa kagarar Corfe a 1646, wadda yau ragowar bangayenta ne kawai ke tsaye a kan tudu. Dover ta kuɓuta domin tun a 1642 wasu 'yan gari ƙalilan masu goyon bayan majalisa suka hau ta da dare suka karɓe ta, kusan ba faɗa.

A farkon ƙarni na 18 an tsare fursunonin yaƙi a babbar hasumiyar, kuma sunaye da zane-zanen da suka karta a jikin dutse suna nan ga mai lura. Daga tsakiyar ƙarnin, da tsoron mamayar Faransa ya dawo, sojoji suka shiga gyara ba sani ba sabo. Aka rage tsayin hasumiyoyin katangar waje don a girke igwa, aka jibga ƙasa a bayan bango, aka gina barikoki. A zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon injiniyan soja William Twiss ya sauya rufin babbar hasumiyar da na bulo mai baka domin ya ɗauki nauyin manyan bindigogi. Daga 1797 kuma aka fara fafe cikin tsaunin allin da ke fuskantar teku, aka yi barikin ƙarƙashin ƙasa da ya ɗauki sojoji kusan 2,000.

Waɗannan ramuka ne suka sake shiga tarihi a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga cikinsu Bertram Ramsay, babban hafsan sojan ruwa mai kula da Dover, ya tsara kwashe sojojin Birtaniya da na ƙawayenta da Jamusawa suka ritsa a Dunkirk, a gaɓar arewacin Faransa. Tsakanin 26 ga Mayu da 4 ga Yuni aka tsallako da mutum sama da 338,000. Bayan haka aka ƙara haƙa wasu hawa biyu, ɗaya asibiti, ɗaya cibiyar ba da umarni. A shekarun 1960 aka tanadi wurin a asirce don zama mazaunin gwamnatin yanki in yaƙin nukiliya ya ɓarke, aka yi watsi da wannan shiri a 1984. Rundunar soja kuwa ta janye daga mafi yawan kagarar tun 1958.

Ma'anar wannan ita ce, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 kasafin tsaro ne ke toshe ɓarakar rufin Dover. Abin da ya cece ta shi ne kuma ya ɓata mata siffarta ta asali, domin soja ba tarihi ya zo adanawa ba.

## Wa ke da ita, wa ke biya?

Kagaran Ingila ba a hannu ɗaya suke ba, kuma nan ruɗanin yake farawa. Windsor gidan sarki ne da ake zaune a ciki. Hasumiyar Landan ta masarauta ce, amma wata ƙungiya mai zaman kanta, Historic Royal Palaces, ke gudanar da ita. Corfe tana hannun National Trust, ƙungiyar da ba ta gwamnati ba. Alnwick har yau iyalin da suka gaje ta ne ke ciki. Warwick kuwa an sayar da ita a 1978 ga kamfanin Tussauds, yanzu kamfanin wuraren shaƙatawa na Merlin ke tafiyar da ita don riba.

Dover ta gwamnati ce. Daga 1984 English Heritage ta riƙa kula da ita a matsayin hukumar gwamnati mai samun kaso daga baitulmali. A watan Afrilun 2015 aka raba hukumar biyu. Historic England ta ci gaba da zama ta gwamnati, tana rajistar tsofaffin gine-gine da ba da shawara kan dokokin kare su. Sunan English Heritage kuma ya koma kan wata sabuwar ƙungiya marar neman riba, wadda aka ba lasisin gudanar da wuraren. Gine-ginen ba a sayar ba. Gwamnati ta ba ƙungiyar fam miliyan 80 a dunƙule, mafi yawa don gyare-gyaren da suka taru, bisa sharaɗin cewa tallafin shekara-shekara zai riƙa raguwa har ta tsaya da ƙafarta cikin kimanin shekara takwas. Manyan gidajen tarihi na ƙasa kuwa har yanzu suna karɓar kaso kai tsaye daga gwamnati, kuma tun 2001 manufar ita ce a shige su kyauta. Bambancin ƙofar Landan da ta Dover ke nan.

Kuɗin ƙungiyar yanzu daga tikiti suke fitowa, da kuɗin mambobi, waɗanda sun haura miliyan ɗaya, da shaguna da wuraren shan shayi, da gudummawa. Fiye da rabin wurarenta ba a biyan komai a shige su, wasu ma kango ne a tsakiyar gona ba ko mai gadi, amma duk sai an yanke ciyawa, an duba bango. Wurare ƙalilan masu cika da jama'a, irin su Stonehenge, da'irar manyan duwatsu ta mutanen dā, da Dover, su ke ɗauke da sauran. Wato tikitin Dover ba Dover kaɗai yake gyarawa ba. Ga kuma abin da ba a shirya masa ba: annobar korona ta rufe ƙofofi a 2020, tsadar kayan gini da ladan magina ta biyo baya, kuma a Fabrairun 2021 teku ya cinye ƙarƙashin wani sashe na kagarar Hurst a gaɓar kudu har bango ya rufta.

Masu goyon bayan tsarin 2015 suna cewa ƙungiya mai cin gashin kanta tana iya neman gudummawa da tsara aikin shekaru ba tare da jiran kasafin da kowace gwamnati ke iya zaftarewa ba, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa mai biyan harajin da bai taɓa zuwa ba nauyin yawon wani. Masu suka suna cewa gadon ƙasa bai kamata ya dogara da kyawun yanayi da aljihun 'yan yawon buɗe ido ba, cewa tsadar tikiti tana hana marasa ƙarfi ganin abin da yake nasu, kuma in aka matsu, ƙwararrun masu bincike da adana kaya ake fara sallama, ba masu sayar da tikiti ba. Wannan batu na ƙarshe ƙungiyoyin ƙwadago sun ɗaga shi bayan sanarwar 2025.

## A bar bango tsirara ko a yi masa ado?

Taƙaddama ta biyu ta girmi ta kuɗi. Tun 1877 William Morris, wani marubuci kuma mai zane, da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine don yaƙar masu "gyara" irin na zamanin Sarauniya Victoria, waɗanda kan rushe abin da suka tarar su gina abin da suke zaton shi ne na asali. Cocin da ke cikin Dover ma ya sha irin wannan gyara a shekarun 1860, bayan ya yi zama ma'ajiyar gawayin kwal. Ra'ayin Morris ya yi tasiri, har manufar gwamnati a mafi yawan ƙarni na 20 ta zama a adana abu yadda aka same shi, kada a ƙara.

A 2009 English Heritage ta kauce wa wannan a Dover. Ta kashe kusan fam miliyan biyu da rabi ta shirya cikin babbar hasumiyar kamar ana jiran baƙon Henry na Biyu: karagar mulki, gadaje, labule masu zane, akwatuna, taswirar duniya irin ta zamanin, madafa da tukwanenta, duka da launuka masu ƙarfi, ja da shuɗi da kore da ruwan zinariya. Ko ɗaya daga cikin kayan ba na Henry ba ne. Masu sana'a na yau ne suka ƙera su, suna kwaikwayon zanen tsofaffin littattafai da 'yan kayan ƙarni na 12 da suka rage a wasu wurare a Turai.

Masu kare aikin suna cewa bangon dutse tsirara shi ma ƙarya yake yi, domin masu mulkin wancan zamani cikin launi suke zaune, ba cikin toka-toka ba, kuma kayan duka ana iya kwashe su ba tare da an taɓa ginin ba. Masu suka suna cewa baƙo ba ya iya rarrabe abin da aka tabbatar da abin da aka cike da hasashe, kuma an zaɓi shekara goma daga cikin 800 an ɗora a kan sauran: mutum yana tsaye a "zauren 1180" alhali rufin da ke kansa bulon zamanin Napoleon ne. Sannan shirin ya ɗauki ɓangare a muhawarar masana, ya bi fahimtar masaukin baƙi. In aka auna da Warwick, inda ake wasan barade a kan dawaki, da ɗakin tsoratarwa, da masaukin kwana, Dover ta yi kamun kai ƙwarai. In aka auna da Corfe, ta yi nisa. Abin da ba a musu a kai shi ne, wurin da ke rayuwa da tikiti dole ya yi tunanin abin da zai sa iyali su zo, su kuma dawo.

## Abin da ya shafi mai niyyar zuwa

Daga tashar St Pancras a Landan jirgi mai sauri yana kai wa tashar Dover Priory cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Daga nan akwai hawa mai tsanani zuwa ƙofa, don haka mai tafiya da tsofaffi ko ƙananan yara gara ya nemi tasi ko bas. Filin yana da faɗi, kimanin eka 80, iska kuma ba ta raga wa kowa a kan tudun ko da bazara. Wanda ya ware sa'a biyu zai fito bai ga rabi ba. Ramukan yaƙin duniya ana shigarsu rukuni-rukuni ne tare da jagora, kuɗinsu na cikin tikiti, kuma layinsu kan yi tsawo a ranakun hutun makaranta, shi ya sa masu dabara ke farawa da su. Hawa saman babbar hasumiyar ta matattakala mai murɗewa ne.

Farashi yana sauyawa gwargwadon rana da lokacin shekara, kuma wanda ya saya ta intanet kafin ranar yana samun ragi. Mazaunin Birtaniya da ke da iyali zai iya auna kuɗin zama mamba na shekara, tunda mamba yana shiga duk wuraren ƙungiyar kyauta, kuma babba ɗaya yana iya shiga da yara har shida. Baƙo daga ƙetare yana da tikitin musamman na kwana 9 ko 16 da ke buɗe masa wurare da yawa. Amma katin English Heritage ba ya aiki a Windsor ko Hasumiyar Landan ko Warwick ko Corfe, kuskuren da baƙi ke yawan yi. Ga mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana, sabon izinin shiga ta intanet da Birtaniya ta faɗaɗa a 2025 bai shafe shi ba, domin na ƙasashen da ba sa buƙatar biza ne. Shi har yanzu bizar ziyara zai nema.

Matsin kuɗin da aka sanar ya fi faɗawa kan ƙananan wurare, waɗanda za su rage ranakun buɗewa. Manya irin Dover akasin haka ake sa ran gani: ƙarin bukukuwa da wasannin kwaikwayon tarihi a lokacin hutu, da farashi mafi tsada a ranakun cunkoso. Ko a Dover ɗin ma, da hunturu galibi a ƙarshen mako kawai ake buɗewa, don haka mai zuwa tsakanin Nuwamba da Fabrairu sai ya duba ranakun buɗewa kafin ya yanki tikitin jirgi.